Tara Jitoci Masu Ƙayyadadden Adadi: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A Amurka da Turai da Japan akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara jita. Wani yana da biyar, wani hamsin, wani har ya ware musu ɗaki guda a gidansa. Cikinsu akwai makaɗa na gaske, akwai kuma likitoci da lauyoyi da 'yan kasuwa waɗanda kiɗan nasu bai wuce na falo ba. Kamfanonin da ke ƙera jita sun daɗe da sanin wannan kasuwa, shi ya sa kusan kowace shekara suke fitar da wata ƙira ta musamman, su ce guda kaza kawai za a yi, daga nan an rufe. Wanda bai saba da harkar ba zai yi mamakin yadda akwatin katako mai tsirkiya shida zai kai kuɗin mota, wani lokaci ma kuɗin gida. Akwai dalilai, kuma ba dukansu ne masu ƙarfi ba.

Mece ce jitar katako?

Jita iri biyu ce a taƙaice. Akwai ta lantarki, wadda sai an jona ta da lasifika kafin a ji ta sosai. Akwai kuma ta katako, wadda cikinta rami ne, kuma jikinta ne da kansa ke ƙara wa sautin ƙarfi. Wanda ya san garaya ya riga ya san tsarin: tsirkiya ce ke girgiza, girgizar ta sauka a kan fatar da aka ɗaure a bakin ƙoƙo, ƙoƙon ya fito da amo. A jita, siririn allon katako ne ke yin aikin fatar, shi ake kira fuska, kuma kaurinsa bai fi milimita uku ba.

Wannan siririn allo yana ɗauke da nauyi babba. Tsirkiyoyin ƙarfe shida, idan an ɗaure su daidai, suna jan jikin jitar da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana. Don kada fuskar ta tsage ko ta lanƙwashe, ana manna mata ƙananan sanduna daga ciki. Gwanintar maƙeri ta fi bayyana a nan. Idan ya bar sandunan da kauri, jitar za ta yi ƙarko amma muryarta ta dushe. Idan ya fiƙe su da yawa, za ta yi amo mai daɗi amma ba za ta daɗe ba. Duk maganar da masu tarawa ke yi kan jita mai kyau da marar kyau, a ƙarshe tana komawa ne kan abubuwa uku: irin katakon, yadda aka jera sandunan ciki, da hannun wanda ya haɗa.

Me ake nufi da ƙayyadadden adadi?

Ma'anarsa ita ce kamfani ya yi alkawarin cewa wata ƙira ba za ta wuce wani adadi ba. Yawanci idan ka leƙa ta ramin da ke fuskar jitar za ka ga takarda manne a ciki, an rubuta alal misali 37 cikin 100, shugaban kamfanin ko mawaƙin da aka yi ta da sunansa ya sa hannu. Akwai kuma lambar ƙira da ake bugawa a katakon da ya haɗa wuya da jiki, wadda ake iya bibiyarta a kundin kamfanin.

Amma iyakar ba iri ɗaya ba ce, kuma mai saye ya kamata ya bambance. Wata iyakar ta adadi ce, an faɗe ta tun kafin a fara aiki. Wata ta lokaci ce: a ce duk dilan da ya sa oda kafin rana kaza za a yi masa, sai bayan an rufe a san jimillar, wadda za ta iya zama ɗari ko dubu. Wata kuma katako ne ya yanka ta, domin daga bishiya guda aka samo shi, idan ya ƙare ya ƙare. Sannan akwai wadda ake yi wa kanti guda ko ƙasa guda, ko don bikin cikar kamfani shekaru kaza. Duk waɗannan ana tallata su da suna ɗaya, alhali darajarsu a kasuwa ta sha bamban.

Inda abin ya samo asali

Labarin ba ya cika sai an ambaci kamfanin Martin. Wani Bajamushe mai suna Christian Frederick Martin ne ya kafa shi a New York a 1833, ya mayar da shi garin Nazareth na jihar Pennsylvania a 1839, kuma har yau a can yake, a hannun zuri'arsa. Kamfanin ne ya shahara da jera sandunan ciki a gicciye, tsarin da kusan duk jitar ƙarfe ta yau ke bi. Shi ne kuma ya fito da babbar jita mai faɗin ƙugu da ake kira Dreadnought, sunan wani jirgin ruwan yaƙi na Birtaniya. Ya fara yin ta a 1916 ga wani kamfanin sayar da kayan kiɗa, sannan ya sa mata sunansa a 1931.

A 1933 mawaƙi kuma ɗan fim Gene Autry ya sa a yi masa irin wannan babbar jita da ado mafi tsada da kamfanin ke da shi, an zagaye gefunanta da ɓawon katantanwar teku mai walƙiya. Ita ce D-45 ta farko. Daga 1933 zuwa 1942, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin, guda 91 kacal aka yi. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan adadi. Zamanin na talauci ne a Amurka, jitar kuma tana da tsada, masu saye ba su da yawa.

Tun kafin yaƙin ya ƙare abubuwa suka fara canjawa a hankali. A 1944 kamfanin ya daina fiƙe sandunan ciki kamar da, domin makaɗa suna sa tsirkiyoyi masu kauri suna lalata fuskar. Aka sauya katakon fuska, aka rage ado. Zuwa shekarun 1960, lokacin da waƙoƙin gargajiyar Amurka suka sake tashe, sai makaɗa suka lura tsofaffin jitocin kafin yaƙi sun fi sababbi murya. Aka shiga farautarsu a kantunan jingina da ƙarƙashin gadajen tsofaffi. Dillalai irin su George Gruhn, wanda ya buɗe kantinsa a Nashville a 1970, suka mayar da sanin tsohuwar jita wani fanni na ilimi, da littattafansa da ƙa'idojinsa. Yau D-45 ta kafin yaƙi tana kai ɗaruruwan dubban daloli.

Kamfanonin sun ga kuɗin da ake juyawa a kan kayan da suka sayar tun da daɗewa, ba tare da ko sisi ya shigo aljihunsu ba. A farkon shekarun 1980 kuma kasuwar jitar katako ta faɗi warwas, domin kiɗan na'ura ya mamaye ko'ina. A wannan hali ne Martin ya fara wani shiri a 1984 na fitar da ƙira ta musamman kaɗan-kaɗan, da lamba da sa hannu. Abin da tarihi ya yi wa D-45 ba da niyya ba, sai aka koma yin sa da gangan. Wannan shi ne babban abin da mai son shiga harkar zai riƙe: akwai ƙarancin da ya faru da kansa, akwai wanda aka shirya a ofishin talla.

Sunan mawaƙi a jikin jita

A watan Janairun 1992 Eric Clapton, wanda duniya ta sani da jitar lantarki, ya zauna a kujera a wani shirin talabijin na MTV ya yi wasa da tsohuwar ƙaramar Martin ƙirar 000-42 ta 1939. Faifan ya sayu da miliyoyi, kuma matasa da yawa suka koma neman jitar katako. A 1995 Martin ya fitar da kwafinta da sunan Clapton, guda 461, adadin da aka ɗauko daga sunan wani tsohon faifansa. Cikin ɗan lokaci dillalai suka kwashe su duka.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. A shekara ta gaba kamfanin ya fito da wata mai kama da ita, mai ƙarancin ado, ita ma da sunan Clapton, amma ba tare da iyaka ba, kuma an yi dubbanta. Daga baya an sake fitar da wasu ƙayyadaddun da sunansa, launi daban, katako daban. Kamfanin bai karya alkawari ba, domin ainihin ƙirar 1995 ba a ƙara ta ba. Sai dai mai saye ya gane cewa alkawarin ya tsaya ne a kan ƙira guda, bai hana a yi mata ƙanne ba.

Kamfanin Gibson, wanda ke ƙera jitocinsa na katako a Bozeman ta jihar Montana tun 1989, shi ma yana bin wannan hanya da fitattun ƙirarsa irin su J-45, SJ-200 da Hummingbird. Haka Taylor, wanda Bob Taylor da Kurt Listug suka kafa a Kalifoniya a 1974.

Katako shi ne rabin labarin

Fuskar jita yawanci daga sufurus ake yin ta, wata bishiyar ƙasashen sanyi mai katako marar nauyi amma mai tauri. Baya da gefuna kuma daga mahogani, ɗan'uwan maɗaci, ko daga rozwud, katako mai duhu da nauyi da ƙamshi. Allon da yatsu ke dannawa a wuya sau da yawa eboni ne, baƙin katako dangin kanya.

A idon masu tarawa ba katakon da ya kai rozwud na Brazil. Da shi aka yi manyan jitocin kafin yaƙi. An sare dazuzzukan gaɓar Brazil ba kama hannun yaro, har gwamnatin ƙasar ta hana fitar da gungumensa a ƙarshen shekarun 1960, Martin kuma ya koma rozwud na Indiya a 1969. A 1992 aka sa na Brazil a rukuni na ɗaya na yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Tun daga nan, sai tsohon katakon da aka sare kafin dokar ne ake iya amfani da shi, da takardunsa. Duk ƙirar da aka yi da shi yau iyakarta ta gaskiya ce, domin ba mai iya ƙaro shi ko da yana so.

Akwai kuma katakon da ke da labari. A 1965 masu saran itace a dajin ƙasar da ake kira Belize a yau suka kayar da wata ƙatuwar mahogani, ta faɗa cikin kwazazzabo, suka kasa fito da ita. Ta kwana a wurin fiye da shekara goma kafin aka yanka ta aka jawo. Da aka tsaga sai aka ga zanen jikinta kamar raƙuman ruwa, irin wanda ba a saba gani ba. Maƙera suna kiranta Bishiyar kawai, ba ƙari, kuma allunanta da suka rage suna da tsadar gaske. A Annapolis ta jihar Maryland kuwa akwai wata tsohuwar bishiya da masu neman 'yancin Amurka suka riƙa taruwa a ƙarƙashinta. Guguwa ta lalata ta a 1999, aka sare ta, Taylor ya sayi katakon ya yi jita 400 a 2002.

Shin katako mai tsada ne ke kawo murya mai daɗi? Bob Taylor da kansa ya taɓa ƙalubalantar wannan. A 1995 ya ɗauko katakon dakalin ɗora kaya daga bayan masana'antarsa ya yi jita da shi, da ramukan ƙusa a jiki, don ya nuna cewa ƙira da hannu sun fi katako tasiri. Jitar ta yi murya yadda ya kamata. Abin dariyar shi ne daga baya an yi 'yan kaɗan irinta, su ma masu tarawa suka bi su da kuɗi.

Ebonin da ke wuyan yawancin jitocin nan daga Afirka yake fitowa. A 2011 Taylor da wani kamfanin Sifen mai suna Madinter suka sayi masana'antar tsaga katako ta Crelicam a Yawunde, babban birnin Kamaru. A can ne Bob Taylor ya gano cewa masu sara suna kayar da bishiyoyi da yawa su bar su a daji su ruɓe, saboda cikinsu ba baƙi ƙirin ba ne, kuma kasuwa baƙi zalla take so. Kamfanin ya fara sayen mai ratsi-ratsin yana sa shi a jitocinsa, har masu saye suka saba da shi.

Abin da ke ɗaga farashi

Ƙaranci shi kaɗai ba ya sa tsada. Sai abu ya yi ƙaranci kuma mutane da yawa suna son sa. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne Martin ƙirar D-18E. A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin ya gwada manna na'urar lantarki a fuskar jitar katako. Nauyin ƙarfen ya danne muryar, masu saye suka guje ta, aka tsaya a guda 302. Shekaru da yawa ba wanda ya damu da ita duk da ƙarancinta. Sai Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana ya riƙe ɗaya a shirin MTV a watan Nuwamban 1993, watanni kaɗan kafin mutuwarsa. A watan Yunin 2020 gidan gwanjo na Julien's ya sayar da wannan jita a kan dala miliyan shida da 'yan kai. Sauran 301 ɗin sun ɗan tashi saboda ita, amma ko kusa ba su kama ƙafarta ba.

Haka ainihin jitar Clapton ta 1939 ta tashi a kan dala 791,500 a gidan gwanjo na Christie's a 2004, Gibson ɗin mawaƙi John Lennon ƙirar J-160E kuma ta haura dala miliyan biyu a 2015. A duk waɗannan, tarihin wanda ya riƙe jitar ake saye. Ya kamata a raba su da sababbin da ake fitarwa da sunan mawaƙi, waɗanda yawanci hannunsa bai taɓa su ba sai takardar da ya sa wa hannu.

Bayan tarihi sai lafiyar jitar. Masu tarawa suna son komai na asali: fenti, maɓallan ɗaure tsirkiya, har akwatin da ta zo a ciki da takardar shaidarta. Tsohuwar jitar da aka kankare aka sake mata fenti, ko da ta fi kyau a ido, darajarta na iya faɗuwa da kusan rabi. Tsagewar da ƙwararre ya gyara da kyau ba ta kai wannan illa ba. Ana duba ciki da ƙaramin madubi da tocila don a ga ko an taɓa sandunan, ana kuma haska fenti da wata fitila ta musamman wadda ke tona inda aka yi faci.

Jari ce ko sha'awa?

Gaskiyar da dillalai masu amana ke faɗa ita ce yawancin sababbin ƙayyadaddun jitoci ba sa kawo riba. Ranar da jita ta bar kanti ta zama ta hannu, kuma idan za a sayar, dillali ko gidan gwanjo zai cire nasa kaso. Akwai wani dalili kuma da ba a cika lura da shi ba. Tsofaffin jitocin kafin yaƙi kayan aiki ne, an kaɗa su a mashaya da coci da gona, da yawa sun karye ko sun ɓace, shi ya sa mai lafiya a cikinsu take da wuyar samu. Sabuwar da aka ce ɗari ce kawai, duk wanda ya saya ya san abin da ya saya, ya ajiye ta a akwati. Bayan shekara talatin kusan duka ɗarin suna nan garau, kuma kowane mai ita yana jiran farashi ya tashi.

Kasuwar ma tana hawa da sauka. Farashin tsofaffin jitoci ya faɗi bayan rikicin tattalin arziki na 2008. A lokacin kullen korona na 2020 mutane suna zaune a gida suka yi ta saye, farashi ya yi sama, daga baya ya lafa. Sannan mafi yawan manyan masu tarawa mutanen da suka tashi da waƙoƙin shekarun 1960 da 1970 ne, yanzu sun manyanta, kuma tarinsu yana dawowa kasuwa. Waɗanda suka fi riƙe daraja su ne masu katakon da ba a iya samu kuma, da na fitattun maƙera masu aiki su kaɗai waɗanda ba sa yin fiye da 'yan kaɗan a shekara, da kuma waɗanda makaɗa ke nema don muryarsu ko da babu lamba a ciki.

A nan ne ma masu tarawa da makaɗa ke samun saɓani. Makaɗa suna ƙorafin cewa an kulle kayan kiɗa masu kyau a ɗakuna, an kuma ɗaga farashinsu sama da ƙarfin masu sana'ar. Masu tarawa suna amsawa da cewa ba don su ba da yawancin tsofaffin sun lalace. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, ko da yake jitar da ta shekara ashirin ba a taɓa tsirkiyarta ba, da wuya a ce ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa.

Doka da jabu

Ƙetare iyaka da jita mai rozwud na Brazil yana buƙatar takardar izini ta CITES, kuma jami'an kwastan na iya ƙwace wadda ba ta da ita. Tsofaffi da yawa suna da hauren giwa ko ƙoƙon kunkurun teku a jikinsu, su ma doka ta hau kansu. A 2017 an faɗaɗa takunkumin zuwa dukan nau'o'in rozwud, abin da ya rikita cinikin kayan kiɗa a duniya, kafin a sassauta wa kayan da aka riga aka ƙera a ƙarshen 2019. Sassaucin bai shafi na Brazil ba. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: jami'an gwamnatin Amurka sun kai samame masana'antun Gibson a 2009 da 2011 kan katakon da aka shigo da shi, kuma a 2012 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 300,000.

Jabu kuma ya cika intanet, da tambarin kamfani da takardar shaida ta bogi. Martin yana da jerin lambobin ƙira tun daga 1898, don haka lamba tana nuna shekarar da aka yi jita. Amma ɓarawo na iya kwafar lambar gaske ya buga a jabu, saboda haka daidaituwar lamba ba ta wadatar ba sai masani ya duba aikin ciki.

Adanawa

Babban abokin gabar jitar katako shi ne bushewar iska. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya rasa shi ya tsuke. Kamfanonin suna ba da shawarar a ajiye jita inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Idan ya yi ƙasa sosai, fuskar tana lotsawa, bakin ƙarafan da ke wuya ya fito yana yankar yatsa, daga nan sai tsagewa. Idan ya yi yawa, fuskar ta kumbura, gam ya saki. Zafin cikin mota a rufe kuwa yana iya narkar da gam cikin sa'o'i kaɗan.

Wannan ya shafi duk mai jita a ƙasar Hausa, ko mai tsada ce ko mai araha. A Kano ko Zinder danshin iska lokacin hunturu yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, sannan damina ta zo ta ɗaga shi sama. Jitar da aka yi da katako zalla ta fi mai katakon falle-falle saurin tsagewa a irin wannan yanayi, wato mai tsadar ce ta fi shiga haɗari. Maganin ba shi da wuya: a ajiye ta cikin akwatinta a rufe, nesa da taga da rana, a sa ƙaramin ma'aunin danshi a ciki. Da hunturu a jiƙa soso a matse shi sosai, a sa a robar sabulu mai huji, a ajiye a cikin akwatin ba tare da ya taɓa katakon ba, a riƙa duba shi duk bayan 'yan kwanaki.